Wace mota zan saya in fiɗe, kuma wace giya atomatik ta dace da tsohuwar akori-kura?

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu.

Ina da tsohuwar akori-kura, Chevrolet C10 ta 1979, mai jan baya. Ta mahaifina ce, a cikinta na koyi tuƙi, don haka ba ta sayarwa ba ce. Bodinta garau, shasin ma tsatsa ba ta ci shi ba. Injin ne ya gaji: mai silinda shida a jere, yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, ga kafireto da kullum sai an taɓa. Giyarta ta hannu ce, ni kuwa gwiwata ta hagu ta daina jure taka kulochi. Na ƙudura in sauke inji da giya gaba ɗaya, in ɗora V8 da giya atomatik.

Aikin da za ta yi: zirga-zirgar yau da kullum, doguwar tafiya jefi-jefi, wani sa'in kuma jan ƙaramar tirela. Ba tsere zan yi da ita ba.

An nuna mini inji 5.3, wato V8 mai lita 5.3 na kamfanin GM mai ƙera Chevrolet, a ajiye a ƙasa da giya a gefensa, mai su ya ce daga mota ɗaya aka ciro su. Wasu kuma sun ce in sayi mota sukutum wadda ta yi haɗari in fiɗe ta da kaina. Wanne ya fi? Sannan tsakanin giyoyin atomatik na GM ɗin nan uku, 4L60E, 4L80E da 6L80, wacce zan nema?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sayi inji a ƙasa. Na faɗa maka wannan tun kafin mu shiga maganar giya.

Injin da ke ajiye ba ya magana. Ba za ka ji ƙararsa da sanyin safiya ba, ba za ka ga ƙarfin baƙin mai ba, ba za ka san ko giyar tana shiga ribas ba. Maganar mai sayarwa kawai za ka riƙe. Motar da ke tashi kuwa ita za ta gaya maka halinta da bakinta, gani ya kori ji.

Kuma ba inji da giya kaɗai kake saya ba. Akwai kwamfutar injin, da damin wayoyi cikakke wanda ba a datse ba, da sensar iska, da sensocin salansa, da akwatin fis, da altaneta, da kik, da famfon sitiyari, da sandar auna man giya da bututunta, da murfin ƙasan giya, da ƙusoshi masu yawan gaske waɗanda ba ka san kana buƙata ba sai ranar da ka neme su. Wanda ya sayi inji tsirara zai yi watanni yana tsintar waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ajiye motar yanka a gefen garejinsa, duk abin da ya rasa sai ya taka ya kwanto. In ka gama, ƙofofi, kujeru, tayoyi da aksul ka sayar, su rage maka abin da ka kashe.

Yaron Gareji:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ni abin ya faru da ni. Na sayi 5.3 da 4L60E a ƙasa, aka tabbatar mini na mota mai jan baya ne. Sai da na kai gida na lura wutsiyar giyar gajera ce, babu murfin baya, ashe ta mota mai jan taya huɗu ce. Na ɗauka murfi kawai zan saya in ɗaura. Mai gyaran giya ya ce shaf ɗin fita ma daban ne, kuma ba ya fita sai an zazzage cikin giyar gaba ɗaya. Wayoyin kuma an yanke su da almakashi daidai inda suke shiga bodi. Wata biyar motar ta yi a tsaye. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Mai Giyabos:
Abin da ya samu wannan yaron shi ne dalilin da nake cewa a fara zaɓen giya, sannan a nemi motar da ke ɗauke da ita. Jama'a suna yin akasin haka: inji ya burge su, su saya, daga baya su ce wace giya za mu laƙa masa. Alhali giya ce ke yanke hukunci kan ko za ka yanka ƙasan bodi, da inda gindin giya zai zauna, da tsawon farfela, da irin kwamfutar da za ka yi fama da ita, har da haƙoran aksul ɗin baya.

Malam Mai Akori-kura, bari in ba ka su ukun kamar yadda na san su a kan benci.

4L60E jikar tsohuwar giya 700R4 ce ta 1982, ta fara fitowa a akori-kura a 1993. Giya huɗu: 3.06, 1.63, 1.00, 0.70, wato sau nawa inji ke juyawa kafin farfela ta juya sau ɗaya a kowace giya. Ƙarama ce, ba ta da nauyi, tana shiga kusan duk inda tsohuwar atomatik TH350 mai giya uku ta zauna, in ban da gindin da za ka ja baya. Rauninta sananne ne, guda biyu. Akwai faifan kulochin giya ta uku da ta huɗu, waɗanda zafi da nauyi ke ƙonawa. Akwai kuma wani kwanon ƙarfe a ciki da haƙoransa ke cinyewa ko ya tsage, in ya tafi sai ka rasa ribas da ta biyu da ta huɗu lokaci guda.

4L80E kuwa daga tsohuwar TH400 mai giya uku aka samo ta, aka ƙara mata giya ta huɗu, ta fito a 1991. Lambobinta 2.48, 1.48, 1.00, 0.75. Wannan jaka ce wajen ɗaukar kaya. Amma ta fi tsawo, ta fi kauri, ta fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma tana cin wani abu daga ƙarfin injin kafin ya kai taya. Ga giyarta ta farko doguwa, tashinta daga tsaye ba shi da kuzarin na 4L60E.

6L80 ta zo a 2006, giya shida: 4.03, 2.36, 1.53, 1.15, 0.85, 0.67. A tuƙi ta fi su daɗi, babu musu. Sai dai kwamfutarta a cikin kwanon mai take, kuma sai ta ji magana daga kwamfutar injin zamaninta take aiki.

Don aikin da ka lissafa, ni 4L80E zan ɗora. Ka ambaci tirela, kuma ka ce motar ba ta sayarwa ba ce. Abin da za ka riƙe har tsufa, ka sa masa abin da ba zai dawo da kai gareji ba.

Tsohon Bakanike:
A nan kam ban bi ka ba, Oga. Kamfanin GM da kansa ya ɗora 4L60E a bayan 5.3 a Silverado, Sierra, Tahoe da Suburban tun daga 1999 da 2000, shekara da shekaru. Suburban ta fi C10 ɗin nan nauyi, ana loda mata mutane da kaya, tana jan tirela. In giyar ta ɗauki Suburban, me zai hana ta ɗaukar C10?

Kai a benci kake ganinsu, wato waɗanda suka mutu kaɗai ake kawo maka. Waɗanda ke kan titi lafiya ba sa zuwa wurinka. Kuma ka tambayi masu kawo su: yawanci ko an ƙara wa injin ƙarfi, ko an sa manyan tayoyi, ko an ja kaya a giya ta huɗu a kan hawa, ko man giyar bai taɓa ganin canji ba.

Babban abin ma shi ne, in ya ɗauki 5.3 da 4L60E daga mota ɗaya, komai a haɗe yake tun daga masana'anta. In ya ce sai 4L80E a bayan 5.3, ya fara aure tsakanin baƙi: sai ya sauya faifan da ke haɗa inji da kwanbata (tulun mai da ke maye gurbin kulochi a giya atomatik) ko ya sa masa zobe, sai an juya wasu wayoyi a soket ɗin giya, sai an ƙara waya don sensar gudun shiga wadda 4L80E ke da ita, sai an sake rubuta ɓangaren giya a cikin kwamfuta. Ana yi, ban ce ba a yi ba. Amma mutumin nan aikinsa na farko ke nan.

Mai Giyabos:
Baba, ai ban ce ya haɗa baƙi ba. Cewa na yi ya nemi motar da ta zo da 4L80E daga gida. Silverado 2500 mai injin lita 6.0 ta 1999 zuwa 2006 da ita ta zo. Haka manyan bas ɗin kaya, Express da Savana 2500 da 3500 na kafin 2010, kuma galibinsu jan baya ne, wanda shi yake buƙata. Mutane ba sa kallonsu, hankalin kowa yana kan akori-kura.

Na yarda matattu ake kawo mini. To amma cikin matattun, wacce ta fi yawa? Kuma giyar da zai samu a motar yanka ba sabuwa ba ce, ta haura shekara ashirin tana aiki. 4L60E mai wannan shekaru, ni dai ba zan ɗora ta ba sai na buɗe ta. 4L80E kuwa in manta ja ne kuma tana canji lafiya, zan sauya mata tace-mai da robobi in ɗora hankalina kwance.

Tsohon Bakanike:
Bas ɗin kaya kuma ka san irin rayuwar da suke yi. Su ne ake bari a kunne yini guda, direbobi goma suna karɓa-karɓa. Lambar tafiyar da ke allo ba ta nuna awannin da injin ya yi yana aiki a tsaye. Ban hana ba, amma a duba da kyau.

Masoyin Toyota:
Ku yi haƙuri in shigo da wata hanya. Me ya sa dole sai injin GM? Lexus LS400 tun daga 1989 tana da 1UZ-FE, V8 mai lita 4.0, jikinsa duk alminiyam, ga laushi ga juriya. Giyar bayansa ta gidan A340 ce, wadda kowa ya san ba ta da rigima. Motar jan baya ce, ka saye ta sukutum ka sami komai. Ni na ɗora shi a tsohuwar Hilux, shekara shida ke nan ban buɗe shi ba.

Mai Waya:
Ɗan'uwa, a Hilux ka yi daidai. A C10 kuwa ka ƙara wa kanka aiki ne. Ita C10 da V8 na gidansu aka zana ta, wurin zaman inji yana nan, faranti kawai za a sa a matsar da ramukan. 1UZ sai ka ƙera masa mazauni daga farko. Ga shi faɗinsa ya fi na 5.3 saboda kawunansa masu kamshaf biyu-biyu. Kwanon baƙin mai na LS400 a gaba yake, na SC400 a baya, dole ka duba wanda ba zai ci karo da gadar ƙasan injin ba. Sannan lita 4.0 na motar alfarma ba shi da ƙarfin ja daga ƙasa kamar 5.3 na motar kaya, shi kuma ya ce akwai tirela. In kuma na 1998 zuwa sama ne, mai VVT-i (tsarin sauya lokacin buɗe bawul) da giya biyar, sai ka ci karo da tsaron makulli, dole ka taho da makullin da kayan karanta shi.

Masoyin Toyota:
Maganar faɗi da kwanon mai gaskiya ce. Amma in ƙarfin ja ake so akwai 2UZ-FE mai lita 4.7, na Land Cruiser 100 da Tundra. Sai dai na yarda, samun mai jan baya kaɗai a cikinsu sai an wahala, Land Cruiser duk taya huɗu take ja. Na bar muku, amma har gobe ina ganin giyar Toyota ta fi 4L60E kwanciyar hankali.

Mai Waya:
To bari in yi maganar ɓangarena, domin nan ne ayyuka da yawa suke mutuwa, ba a wajen walda ba.

Injinan GM ɗin nan zubi biyu ne. Zubin farko, na akori-kura daga 1999 zuwa wajen 2006, yana da faifai mai haƙora 24 a kan karanshaf, kuma kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da inji da giya tare. Zubi na biyu, daga 2007, faifansa haƙora 58 ne, kwamfutar inji daban, ta giya daban, suna magana ta wayoyi biyu. Kwamfutar zubin farko ba ta jin yaren 6L80. Saboda haka duk mai son giya shida, to ya san motar yankansa dole ta zama ta zubi na biyu. Kuma kada shekara ta ruɗe ka: yawancin Silverado 1500 na 2007 da 2008 masu 5.3 har lokacin giya huɗu suke ɗauke da ita, sai daga 2009 giya shida ta fara yawa a cikinsu.

Zubi na biyu yana da wani abu kuma: tsarin kashe silinda huɗu in ana tafiya a hankali don rage shan mai. 'Yan sandunan da ke ɗaga bawul a wannan tsari suna yawan maƙalewa in sun tsufa. Kashe shi a kwamfuta abu ne mai sauƙi, amma cire shi na gaskiya sai an sauke kawunan inji an sauya kamshaf.

Sai totur. Daga 1999 zuwa 2002 akori-kura da igiya ake jan totur, wannan kuwa ya dace da fedar tsohuwar motarka. Daga 2003 aka koma na lantarki. Ba matsala ba ce in kana da motar a gabanka, domin za ka kwanto fedar da ɗan akwatinta da wayarsu. Wanda ya sayi inji a ƙasa shi ne zai yi ta neman fedar da ta dace da akwati, da akwatin da ya dace da kwamfuta.

Ko wacce ka ɗauka, sai an cire tsaron sata daga kwamfutar. In ba a cire ba, injin zai tashi ya yi kamar daƙiƙa biyu ya mutu, ka yi ta zargin famfon mai.

Ra'ayina: aikin farko, zubin farko.

Mai Akori-kura:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na janye daga maganar injin ƙasa. Amma 6L80 tana raina, saboda doguwar tafiya. Ba za ta fi rage shan mai ba? Aksul ɗina 3.73 ne, tayoyin tsayinsu inci 28.

Mai Lissafi:
Tunda ka ba da lambobi, bari mu auna. Taya mai inci 28 tana juyawa kusan sau 746 a minti in kana gudun kilomita 100 a awa. Ka ninka da 3.73, farfela na juyawa kusan 2,780. Wannan shi ne juyin injinka a giyar 1.00, wato abin da TH350 ko TH400 za su ba ka, shi ya sa ba wanda ya ba ka shawarar ɗora su.

Da 4L60E a 0.70, injin zai sauko kusan 1,950. Da 4L80E a 0.75, kusan 2,090. Da 6L80 a 0.67, kusan 1,860. Ka ga tsakanin giya huɗu ta 4L60E da giya shida ta 6L80 bambancin bai kai juyi 100 ba. A kan buɗaɗɗen titi kusan abu ɗaya ne.

Inda 6L80 ta yi fice shi ne ƙasa. 4.03 sau 3.73 ya ba da kusan 15, na 4L60E kusan 11.4, na 4L80E kusan 9.3. A akori-kura marar kaya a baya, 15 ya yi yawa: giyar farko za ta ƙare kafin ka tsallake mahaɗar titi, taya kuma za ta riƙa sulɓi in an yi ruwa. Ita 6L80 ta fi jin daɗin aksul mai 3.08 ko 3.42. Wato in ka zaɓe ta don ka ci moriyarta, ka buɗe wani aikin a aksul. Wanda kake da shi yanzu, kamar don 4L60E aka yi shi.

Mai Giyabos:
Lissafin nan daidai ne, kuma ya nuna 3.73 zai taimaki 4L80E wajen tashi, 9.3 ba laifi a bayan 6.0. Amma na ga inda iska ke kaɗawa. In 4L60E za ka ɗauka, to ka yi mini alƙawarin abu uku. Ka sa mata na'urar sanyaya mai ta daban a gaban lagireto, babba, sabuwa, kada ka yi amfani da ta motar yankan domin ba ka san tarkacen da ke cikinta ba. In kana jan tirela ka bar ta a giya ta uku. Sannan tun tana ƙasa ka bari a buɗe ta a sauya faifan uku-da-huɗu da wancan kwanon ƙarfen da wanda aka ƙarfafa. Yin haka yanzu ya fi ka sauke ta bayan wata shida.

In ka ci karo da 4L65E, ita ce 4L60E da aka ƙara wa ƙarfi a ciki, girmansu ɗaya, ka ɗauka.

Kada kuma wani ya ba ka tsohuwar 4L60E ta bayan injin 5.7 ya ce duk ɗaya ne. Ƙusoshin za su kama, amma bakin karanshaf na sabon injin ya fi na tsohon gajarta da kusan milimita 10, hancin kwanbata ba zai zauna a gurbinsa ba sai da ƙarin zobe.

Yaron Gareji:
Oga, in mutum ya je ganin motar, yaya zai tabbatar da abin da ke ciki? Ni 4.8 da 5.3 ba na iya bambanta su da ido.

Tsohon Bakanike:
Ba kai kaɗai ba, ɗana, a waje kamarsu ɗaya, gangar jikinsu ma ɗaya ce. Ka duba harafi na takwas a lambar shasi. A zubin farko V na nufin 4.8, T na nufin 5.3, U na nufin 6.0. Sannan ka buɗe ɗan akwatin gaban fasinja, akwai takarda a manne cike da lambobi masu harafi uku. M30 ita ce 4L60E, M32 4L65E, MT1 4L80E. Duk da haka ka leƙa ƙasa da idonka, domin mota mai shekaru ashirin ta yiwu an taɓa sauya mata giya. In ka ga farfela tana tafiya gaba, ka san jan taya huɗu ce, ka wuce.

Mai Akori-kura, ga yadda nake duba motar yanka. Na fi son wadda aka buga ta baya ko ta gefe. Wadda ta yi haɗari tana cikin tafiya, ka san aƙalla a ranar tana aiki. Wadda bodinta ke sumul amma an ajiye ta, tambayi kanka me ya ajiye ta, sau da yawa giya ce. Wadda aka buga ta gaba kuma sai ka duba fulin karanshaf, da kunnuwan da altaneta ke ɗaure, da wuyan giya ko ya tsage. Wadda ruwa ya ci, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauka. Ruwa in ya shiga man giya sai ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ya saki gam ɗin da ke riƙe faifan kulochi, wayoyin kuma su riƙa ruɓewa daga ciki a hankali.

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo. Ka ɗora hannu a injin ka ji da sanyi, sannan a tayar. Ka saurari minti na farko. Ka kalli allurar baƙin mai da sanyi, ka sake kallonta bayan ya yi zafi sosai. Ka zaro sandar man giya ka goga a farin ƙyalle, ka shinshina. Ja ko ja mai duhu babu laifi. Baƙi mai warin ƙuna, ka lissafa da gyaran giya. Wanda ya yi sabo fil a tsohuwar mota shi ma ka yi tambaya.

Ka taka birki ka sa ribas, ta kama nan take. In tana tafiya, ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka kula da canjin biyu zuwa uku: in injin ya yi kuka sama kafin ta kama, faifan nan sun fara tafiya.

Mai Waya:
Ka tafi da na'urar karanta kwamfuta. Ba lambobin matsala kaɗai za ka duba ba, ka duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta sun kammala. In duk suna nuna ba a gama ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir. A 4L60E in ka ga P1870, giyar tana sulɓi ke nan, galibi daga bawul ɗin da ke kulle kwanbata.

Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoton kowane soket ka manna masa takarda da suna. Kuma shawarata, ka kai kwamfutar a cire tsaron satar, ka dawo da ita cikin motar yankan ka tabbatar tana tashi, sannan ka fara fiɗa. Ta haka in ta ƙi tashi a C10 ka san laifin daga aikinka ne.

Ƙananan abubuwa da ake mantawa: allurar gudu ta C10 da igiya take aiki, 4L60E kuwa sensa kawai gare ta, sai ka sa na'urar da ke juya igiya ko ka sauya agogon. Kwamfutar tana son waya daga makunnin birki wadda ke da wuta in ba a taka ba, ta ɗauke in an taka, in babu ita kwanbata ba za ta kulle ba, giyar ta yi ta zafi. Tsohon famfon mai na kafireto ba zai yi ba, injin nan yana son matsi kusan 58 a ma'aunin psi, wato famfon lantarki da tiyo mai jure matsi.

Mai Lissafi:
A ƙara da takardu. Ka karɓi shaidar mallakar motar yankan, ka adana lambar shasinta. Wasu ƙasashe suna rubuta lambar inji a takardun mota, wasu suna sharɗanta kada injin ya girmi motar kuma ya zo da kayan tace hayaƙinsa. Ka tambayi hukumar rajistar inda kake, da kamfanin inshorarka, tun kafin ka kwance ƙusa ɗaya. Birki kuma a duba shi, ƙarfin da za ka samu ya ninka na da.

Mai Akori-kura:
'Yan'uwa, na dawo da labari bayan mako uku. Na duba motoci huɗu. Biyu jan taya huɗu ne, na wuce. Ɗaya bas ce mai 6.0 da MT1 a takardarta, na so ta saboda maganar Oga Mai Giyabos, amma da ta yi zafi allurar baƙin mai ta faɗi ƙasa sosai, na haƙura.

Ta huɗun ita na ɗauka: Silverado 1500 ta 2002, jan baya, an buge ta a gefen fasinja ta baya har shasin ya lanƙwashe. Harafi na takwas T, takardar ta nuna M30, totur na igiya. Ta tashi da sanyi ba ƙara. Ribas na kamawa nan take. Man giyar ya yi duhu amma babu wari. Ba ta tuƙuwa da nisa saboda aksul ɗin ya goce, don haka ban ji canjin biyu zuwa uku da zafi ba. Na sauke kwanon giyar, maganaɗisun yana da laushin baƙin ƙura, babu gutsattsarin ƙarfe. Zan bi shawarar a buɗe ta kafin a ɗora.

Na auna kwanon baƙin mai na injin, ina ganin zai sauko ƙasa da gadar C10. Ƙusoshin salansa biyu kuma sun karye a cikin kan inji ta baya.

Mai Giyabos:
Madalla. Ƙurar nan ta al'ada ce. In an buɗe, ka ce a duba famfon giyar da bawul ɗin kulle kwanbata tare. Ranar ɗorawa kuma, ka zuba wa kwanbata mai, ka tura ta kana juyawa har ka ji ta faɗa sau uku. In giya ta haɗu da inji, dole a sami 'yar tazara kamar milimita 3 zuwa 5 tsakanin kwanbata da faifan, ka jawo ta da hannu ta zo. In babu tazara kada ka ja da ƙusa, famfon za ka fasa.

Tsohon Bakanike:
Ƙusoshin salansa ka cire su yanzu injin yana waje, a walda goro a kan guntun a juya, kan alminiyam ne walda ba ta kama shi. Kwanon kuwa kada ka yi saurin sayen wani. Ka rataya injin da giyar a haɗe, ka zaunar da su a gurbinsu, ka sauke motar a kan tayoyinta, sannan ka auna daga ƙasa. Ka turo mana adadin da ka samu, da tazarar da ke tsakanin saman giya da ƙasan bodi.